Binciken masu barin maganin hawan jini: a duba mini tsarina kafin Laraba

Ummu Safwan:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina digiri na biyu a fannin halayyar ɗan Adam da lafiya, ƙungiyar bincike ta sashenmu kuma ta ba ni wannan batu: me ke sa masu hawan jini su daina shan magani. Abin da na tsara shi ne in je asibitin koyarwa ranakun da ake ganin masu hawan jini, in tambayi mutum 384, ina amfani da ma'aunin Morisky mai tambaya takwas, wanda ke auna yadda mutum ke shan magani, da kuma PHQ-9, mai tambaya tara kan alamun ciwon damuwa. Zan fassara su zuwa Hausa da kaina ƙarshen makon nan, in fara tattara bayanai wata mai kamawa. Ranar Laraba zan gabatar a zaman ƙungiya. Don Allah a nuna mini inda za a kama ni tun kafin in je can.

Dakta Bakatsine:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Batun yana da kyau, amma fara ajiye Morisky gefe. Mai tambaya takwas ɗin nan yana da lasisi, kuɗi ake biya, kuma masu haƙƙinsa suna bibiyar waɗanda suka yi amfani da shi ba izini. An taɓa janye muƙalu daga mujallu saboda haka. Kasancewar kin gan shi a ƙarshen kundin wani ɗalibi ba ya nufin ya halatta a kwafa.

A madadinsa akwai MARS, shi ma ma'aunin shan magani ne, mai tambaya 5, makinsa daga 5 zuwa 25. Akwai Hill-Bone mai tambaya 14 wanda domin masu hawan jini aka yi shi, ya haɗa shan magani da cin gishiri da zuwa ganin likita. Dukkansu a rubuta wa masu su a nemi izini, a ajiye amsar a saka a ƙarshen kundi. PHQ-9 kam kyauta ne.

Na biyu, tsarinki zai gaya miki mutum nawa ne ba sa sha, ba zai gaya miki dalili ba. Dalilin yana cikin abin da mutum ya yarda da shi game da ciwon da maganin. Ki nemi BMQ, ma'aunin abin da mutum ya yarda da shi game da magani, na Horne da abokan aikinsa, na 1999. Tambaya 5 kan yadda mutum ke ganin maganin dole ne gare shi, wasu 5 kan fargabar da yake da ita a kansa. Kowane ɓangare makinsa 5 zuwa 25, sai ki cire na fargaba daga na dole, sakamakon ya faɗo tsakanin -20 da +20. Wanda ya faɗa ƙasa da sifili tsoronsa ya rinjayi buƙatarsa. Shi ma da izini ake ɗaukarsa.

Sista Maman Iman:
Dakta ka gafarce ni, akwai abin da ya fi wannan girma. Ummu Safwan, wa kike zaton za ki tarar a benci da ƙarfe bakwai na safe riƙe da kati? Wanda ya biya kuɗin mota, ya bar sana'arsa, ya zo ya yi layi, ai shi ne mai shan magani. Wanda ya bari gaba ɗaya yana kasuwa ko yana gida, ba za ki sake ganinsa ba sai ranar da aka kawo shi sashen gaggawa da shanyewar ɓarin jiki. Idan a layi kaɗai kika tsaya, masu tsallake rana ɗaya ko biyu za ki auna, ki rubuta a kai "masu barin magani".

Ummu Safwan:
Innalillahi. Anti Sista wallahi ban kawo wannan ba ko kaɗan. To ina zan same su?

Sista Maman Iman:
A rajista. Kowane kilinik yana da littafin da ake rubuta ranar dawowa. Ki fara yanke ma'anar "ya bari" a rubuce, misali wanda ranar dawowarsa ta wuce da wata uku bai zo ba. Sai a tsamo fayil ɗinsu a duba lambar waya. Amma ki sani, da yawan lambobin na ɗa ne ko na miji ko na maƙwabci, wasu an rufe layin, wasu kuma za a ce miki ai Baba ya rasu. Mai kira ya shirya wa wannan, ya san yadda zai yi ta'aziyya ya kashe waya ba tare da ya ci gaba da tambaya ba.

Kuma ba ke za ki fara kira ba. Ma'aikacin asibitin ne zai kira ya ce akwai masu bincike, ko ka yarda su tuntuɓe ka. In wani ne ya ɗaga, ba a ambaci ciwon ba, a ce daga asibiti ne ana neman wane. Wata matar kishiyarta ma ba ta san tana da hawan jini ba, kuma ba ta so a sani.

Wani abu: ba duk wanda ya ɓace daga rajista ne ya bar magani ba. Da yawa sun koma kemis da tsohon kwalin, suna saya da kansu saboda layi da kuɗin mota. Ki saka tambayar da za ta raba waɗannan da waɗanda suka bari ƙwata-ƙwata.

Abu Lissafi:
Ni 384 ɗin nan nake so mu tsaya a kai. Daga ina ta fito? Na san amsar: 1.96 sau 1.96, sau 0.5, sau 0.5, a raba da 0.05 sau 0.05. Wannan lissafin na wanda yake son ya ce "kashi kaza cikin ɗari ba sa shan magani" ne da kuskuren da bai wuce 5 ba. Ko a nan ma ba ki ƙara na waɗanda za su ƙi ko su tashi a tsakiya ba. In kin bar musu kashi 10, sai ki raba 384 da 0.9, ya ba ki 427.

Tambayarki kuwa ta alaƙa ce: waɗanne abubuwa ne ke tafiya da rashin sha. In za ki raba mutane gida biyu, masu sha da marasa sha, ki yi lissafin rigireshan na lojistik, wato lissafin da ke nuna abubuwan da ke da alaƙa da faɗawa ɗaya daga cikin gidajen, ƙa'idar da aka saba bi ita ce aƙalla mutum 10 a ƙaramin gidan ga kowane abu da za ki gwada. Abu 10 kenan mutum 100 a ƙaramin gida. In kika ɗauka ƙaramin gidan zai zama kashi 40, sai ki raba 100 da 0.4, mutum 250. Da ragowar kashi 10, 278. Kashi 40 ɗin misali ne kawai, ki ɗauko naki daga binciken da aka riga aka buga a asibiti irin naki, ki ambaci inda kika samo shi.

Yanzu lissafin lokaci, wanda ɗalibai ba sa yi. Bayanan mutum kamar 15, BMQ 10, MARS 5, PHQ 9, kin kusa tambaya 40 tun ba ki ƙara komai ba, kuma karanta wa mutane za a yi. Ki ba kowane mutum minti 25 zuwa 30. Mai tambaya ɗaya in ya yi 7 kafin azahar ya yi ƙoƙari. Mutum biyu, kilinik sau biyu a mako, 28 kenan a mako. 427 zai ci mako 16, 278 kuma mako 10. Ki ɗora wannan a kan kalandar makaranta ki gani.

Ɗan Damagaram:
Malam Abu Lissafi, Allah ya ƙara sani. Amma masu jarrabawar waje fa? Wasunsu in ba su ga 384 ba sai su ce aikin bai cika ba.

Abu Lissafi:
Shi ya sa ake rubuta lissafin layi-layi a babi na uku, wato babin hanyar bincike, da hoton abin da G*Power, manhajar lissafin yawan mutanen da za a tambaya, ta fitar in an yi amfani da ita, kyauta ce. Mai jarrabawa da ya ga hujja zai yi shiru. Wanda bai yi shiru ba, sufabaiza ne zai amsa masa, ba ɗaliba ba.

Ki kuma rubuta yadda za ki zaɓi mutane. In kilinik na ganin kamar 60 a rana kina son 14, ki ɗauki kowane na huɗu a jerin kati, ki jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 4 domin na farko. In kika bari nas ta riƙa turo miki "masu haɗin kai", 'yan boko da tsofaffin ma'aikata za ki tara.

Baba Farfesa:
'Yata Ummu Safwan, na karanta duka. Maganar "wata mai kamawa" ki cire ta. Ba a taɓa majinyaci ko fayil ɗinsa sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, kuma ki tabbata kwamitin yana da rajista da NHREC, wato kwamitin ƙasa. In za ki shiga asibitocin jiha, ma'aikatar lafiya ta jiha tana da nata. Bayanan da aka tara kafin ranar da ke kan takardar ba su da amfani, mujallar kirki ba za ta karɓa ba.

Abin da za ki haɗa: cikakken tsarin bincike, takardar tambayoyi da Turanci da Hausa, takardar neman yarda da harsunan biyu, shaidar kin yi horon ɗa'ar bincike (akwai TRREE a intanet, kyauta), wasiƙar sashe, da rasit. Ki tambayi sakatariyar kwamiti ranar zamansu na gaba da ranar rufe karɓa, domin in kika makara da kwana ɗaya kin jira zama guda. Kusan kullum ana dawo da gyara, ki sa wannan a lissafi. Takardar tana da wa'adi, galibi shekara ɗaya. Waɗanda yajin aikin ASUU na 2022 ya rutsa da su, wata takwas cur, da yawa sun dawo sun tarar da tasu ta ƙare sai da suka sabunta.

Shawarar Sista ta bin waɗanda suka ɓace dole ta shiga cikin tsarin tun farko, da kalmomin da mai kira zai faɗa, a rubuce. Ba abu ne da za ki ƙara a hanya ba.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin wahalarwar ofis. A Kano ne aka yi gwajin maganin Trovan a 1996 lokacin annobar sanƙarau, a kan yara kusan 200, kuma rigimar da ta biyo baya a kan yarda ce: shin iyayen sun san gwaji ake yi? Wannan tabon yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Dattijon da za ki zauna da shi yana iya tuna wannan ko da ke ba a haife ki ba.

Ummu Safwan:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wanda bai iya karatu ba fa, ya zai sa hannu?

Baba Farfesa:
A karanta masa duka a gaban shaida wanda ba ɗan ƙungiyar bincike ba ne, ya dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu. A ba shi kwafi ya tafi da shi gida, akwai mai karanta masa. Kada ki ɗauka wanda bai yi boko ba bai iya karatu ba, wani da ajami yake rubuta sunansa, a bar shi ya rubuta. Likitan da ke duba shi ba shi zai nemi yardarsa ba, domin ba zai iya ce wa likitansa a'a ba. A faɗa masa ƙarara cewa in ya ƙi ba abin da zai taɓa maganinsa ko layinsa. Mace ta ce sai ta tambayi maigida, a ba ta takardar, a jira ta dawo. Izinin miji ba ya maye gurbin nata, nata ake nema. Kuɗin mota daidai kuɗin mota, kada ya yi yawan da talaka zai kasa ƙi.

Dakta Bakatsine:
Mu dawo kan fassara, tunda ta ce da kanta za ta yi a kwana biyu. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Beaton da abokan aikinsa, ta shekarar 2000. Mutum biyu waɗanda Hausa ce harshensu na gida su fassara kowa shi kaɗai, ɗaya ya san fannin, ɗaya bai sani ba. Su zauna su haɗa guda. Wasu biyu daban, waɗanda ba su taɓa ganin asalin ba, su mai da ita Turanci. Sai kwamiti ya zauna da duk takardun, da likita da mai harshe da mai lissafi, a daidaita. Daga nan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40 irin waɗanda za a tambaya, waɗanda kuma ba za su shiga babban binciken ba. Kafin duk wannan ki bincika ko wani ya riga ya fassara ya gwada, musamman PHQ-9, kada ki maimaita aikin da aka yi.

A gwajin nan ba amsa kawai ake karɓa ba. Bayan kowace tambaya sai a ce, "Baba, in kai ne za ka yi wa wani wannan tambayar, ya za ka faɗe ta?" A nan ake gane an fahimta ko kunya ce ta sa aka gyaɗa kai.

Inda aka fi faɗuwa ba jimlolin ba ne, zaɓin amsa ne. Matakai biyar daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", in aka karanto su a jere, tsoho zai riƙe na ƙarshe ko na farko ne kawai. A raba biyu: ka yarda, ba ka yarda ba, ko kana tsakani? In ya ce ya yarda, sosai ko kaɗan? Makin bai canza ba. "Mako biyu da suka wuce" na PHQ-9 kuma a ɗaure shi da abin da mutum ke ƙirgawa: daga Juma'a biyu baya zuwa yau, ko cin kasuwa biyu.

Ɗan Damagaram:
Ƙari kaɗan. In asibitin yana karɓar mutanen kan iyaka, na Maraɗi ko Damagaram ko ƙauyukan Daura da Illela, a saka wasunsu cikin mutum 30 ɗin gwaji. Kalmomin asibiti da na Kano ya aro daga Turanci, namu daga Faransanci muka aro su, har ranakun wata da awon jiki. A kuma tambayi inda mutum yake sayen magani, domin wani a ƙetaren iyaka yake saye da wani suna daban, ya ce miki ba ya shan wanda kika ambata alhali shi yake sha. A ce ya nuna kwalin.

Mai Magani:
Ni ban yarda da dogaro da bakin mutum kaɗai ba, kowane ma'auni ne. Ka tambayi mutumin Arewa "kana shan maganinka?" cikin asibiti, zai ce "Alhamdulillahi ana sha." Ba ƙarya yake nufi ba, ladabi ne. A haɗa da ƙirga ƙwaya. Adadin da aka ba shi, a cire wanda ya rage, a raba da wanda ya kamata ya sha, sau 100. An ba shi 60, ɗaya a rana, kwana 30 sun wuce, saura 42. Ya sha 18 cikin 30, kashi 60 kenan. An saba ɗaukar kashi 80 a matsayin iyaka.

Sista Maman Iman:
Malam Mai Magani, wannan a takarda ne. Wa aka ba 60? Mutum an rubuta masa na wata biyu ya sayi kati ɗaya na kwana goma, in ya samu kuɗi ya ƙara. Wani shi da matarsa suke raba kwali ɗaya. Kuma da ka ce a zo da ragowar magani, an gane ƙirgawa za a yi, sai a rage a bar wasu a gida.

Mai Magani:
Gaskiya ne Sista, shi ya sa ba zan ce a yi wa kowa ba. A yi wa waɗanda suke karɓa a kantin maganin asibitin, masu inshora misali, inda akwai rubutun ranar da adadi. Ko mutum 50 ne, a gwada amsarsu ta MARS da ƙirgar, a ga nisan da ke tsakani. Wannan kaɗai babi ne mai daraja.

Sannan a gyara yadda ake tambaya. Kada a ce "kana mantawa?" A fara da cewa mutane da yawa yana yi musu wuya su sha kullum, a cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa ne bai samu ba? An buɗe masa ƙofa ke nan.

A kuma rubuta sunan maganin, domin dalilin bari yana bin irinsa. Amlodipine na kumbura ƙafa, mutum ya ɗauka ƙoda ce ta lalace ya tsorata. Lisinopril na sa busasshen tari. Masu sa fitsari suna takura wa direba da ɗan kasuwa, da duk wanda ke son alwalarsa ta kai shi wata sallar. Maza kuma akwai maganar ƙarfin iyali, ba kuwa za su faɗa wa mace ba, sai ki samu namiji cikin masu tambaya. Ki saka tambaya kan tafarnuwa da zogale da zoɓo da habbatussauda, amma da "me kake haɗawa da shi", ba da sigar tuhuma ba. Wanda ya haɗa daban, wanda ya musanya daban.

Dakta Bakatsine:
Abin da Mai Magani ya kawo shi ya sa nake so ta ƙara gajeren ma'aunin yadda mutum ke kallon ciwonsa, B-IPQ na Broadbent, 2006. Tambaya 8 daga sifili zuwa 10, ta tara kuma mutum ya faɗi abu uku da yake ganin su suka jawo masa. Tambayar tsawon lokaci ita ce zuciyar batun. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama, mutane kuwa sun saba da ciwo irin zazzaɓi, a sha magani a warke a ajiye. Wanda ya ɗauka ciwon kai ne alamar jininsa ya hau, ranar da kai bai yi ciwo ba ba zai sha ba, kuma a wurinsa daidai ya yi. Wanda ya ce tunani ne ya jawo masa, in matsalar ta wuce yana ganin ya warke. In za a haɗa jimillar maki, tambaya ta 3 da ta 4 da ta 7 juya su ake yi. Da yawa suna mantawa, sai alfa ta Cronbach, wato lambar da ke nuna yadda tambayoyin suka tafi tare, ta faɗi ƙasa da 0.7 su ce fassara ce ba ta yi ba. Ni na fi son a duba kowace tambaya ita kaɗai.

Abu Lissafi:
Dakta ka ƙara mata tara, sun kusa 50, lissafin mako goma ya motsa. In haka ne a rage wani wuri. Shawarata ta koma PHQ-8, wato a cire tambaya ta tara mai maganar tunanin mutuwa ko cutar da kai. Ma'auni ne da aka gwada, makinsa 0 zuwa 24, iyakar maki 10 da ake zargin ciwon damuwa daga ita tana nan kamar a PHQ-9. Ɗalibar digiri na biyu da mataimaka biyu ba su da abin da za su yi wa wanda ya amsa da e.

Dakta Bakatsine:
Tambaya ɗaya ba ta rage lokaci, Malam, kai ma ka sani. Hujjarka ta biyu ce abin dubawa, kuma ban bi ka ba. A cikin asibiti take, likita yana ɗaki na gaba. Ko ta cire ta tara, wanda ya samu maki 20 fa, ta sallame shi ya tafi? Dole a yi tsarin miƙawa ko da wanne ta ɗauka. A rubuta: duk wanda ya ba da amsar da ba sifili ba a ta tara, ko jimillarsa ta kai 15, mai tambaya ya tsaya, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kira likitan da aka riga aka yi magana da shi, da sunansa da lambarsa a cikin tsarin. A kuma faɗa wa mutum tun a takardar yarda cewa sirri yana da wannan iyakar. Mutanenmu suna jin nauyin wannan tambaya saboda addini, wasu za su ce "a'uzubillahi", a karɓa a wuce ba tare da nacewa ba.

Abu Lissafi:
A kilinik na yarda. Waɗanda za a kira ta waya fa, suna ƙauye?

Dakta Bakatsine:
Waɗannan kada a yi musu PHQ ta waya sam. Hira za a yi da su ido da ido, mutum 15 zuwa 20, har a ga maganganu sun fara maimaituwa. A naɗi murya da izini, a rubuta ta da Hausa yadda aka faɗa, a yi nazari a kan Hausar, sai abin da za a saka a kundi kaɗai a fassara. Awa ɗaya ta hira tana cin awa biyar ko shida wajen rubutawa, a sa a jadawali.

Sista Maman Iman:
In za ku auna jinin da kanku, kada ku kwafi na cikin fayil, an yi shi cikin gaggawa mutum yana haki daga hawa bene. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, damtse daidai ƙirji, ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu a ɗauki matsakaici. A tambaya ko ya ci goro ko ya sha shayi ko taba cikin rabin awa. Ku sayi abin ɗaurawa babba, domin ƙarami a damtse mai kauri yana ɗaga lamba. Iyakar ita ce 140 bisa 90. Na'ura ɗaya daga farko har ƙarshe, da batir na ajiya.

Ku kuma duba watan azumi. Mutane suna sauya lokacin sha, wasu suna ajiye masu sa fitsari, zuwa kilinik yana raguwa. Ko a gama kafin a ga wata, ko a rubuta ranar kowace hira domin a iya ware su.

Ummu Safwan:
Allah ya saka da alheri. Takarda zan buga ko waya?

Abu Lissafi:
Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a waya, tana aiki ba intanet, a tura da yamma. Ki kulle kowane gurbi: shekaru kada su karɓi ƙasa da 18, lambar sama ta awon jini kada ta karɓi ƙasa da 100 in ba a tabbatar ba. Suna ba ya shiga ciki, lamba kawai. Takardar da ta haɗa suna da lamba tana cikin kabad mai makulli wurin sufabaiza. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, saboda haka babu tura hoton fayil ta WhatsApp. Duk Juma'a ki sauke bayanan ki duba kowane mai tambaya daban. Wanda hirarsa ke ƙarewa a minti takwas, ko amsoshinsa duk iri ɗaya, a zauna da shi tun a mako na biyu. Wajen nazarin lambobi, in manhajar SPSS ɗinki ba mai lasisi ba ce, jamovi kyauta ce kuma za ta yi duk wannan.

Baba Farfesa:
Abu ɗaya da zaman Laraba ya kamata ya yanke, tunda aikin na ƙungiya ne: sunayen da za su hau muƙala da jerinsu. A rubuta a cikin bayanan zama tun yanzu. Ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ta ce marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsarawa ko tattarawa ko nazari, ya rubuta ko ya gyara, ya amince da na ƙarshe, ya kuma ɗauki alhakinsa. Ɗalibar da ta yi aikin ita ce ta farko. Shugaban sashe da ya sa hannu a wasiƙa godiya ake yi masa a ƙasa. Nas da mai magani da suka tsara yadda za a bi majinyata kuwa, a gayyace su su karanta su gyara, su hau. An cika mantawa da su alhali su suka san inda mutanen suke.

Wajen bugawa, a duba ko mujallar tana cikin jerin mujallu na DOAJ ko AJOL ko Scopus kafin a tura. Wadda ta aiko miki da wasiƙa tana yabonki, ta ce za ta buga cikin mako ɗaya in kin biya, ki share. Ki sauke jerin ƙa'idojin rubuta rahoton bincike, STROBE mai abu 22 domin ɓangaren lambobi da COREQ mai 32 domin hirarraki, ki ajiye su kusa tun kina rubuta babi na uku.

Ummu Safwan:
To Baba. Amma yanzu aikin ya zama biyu, na kilinik da na waɗanda suka ɓace. Ba zai fi ƙarfin digiri na biyu ba?

Dakta Bakatsine:
Zai iya. Ki kai wa ƙungiya tambayar haka ranar Laraba. In akwai wani ɗalibi da bai tsai da batu ba, ya ɗauki hirarrakin, ku shigar da takardar kwamiti ɗaya da sunayenku biyu, kowa da manufofinsa. In babu, ki riƙe na kilinik, ki canza take ya zama "rashin shan magani yadda aka tsara tsakanin masu zuwa kilinik", ki ƙirga daga rajista mutum nawa suka ɓace a shekarar ki ba da adadin. Kafin Laraba ki je ki ga mai kula da rajistar, ki tambaye shi ko ana rubuta ranar dawowa da lambar waya a kai a kai, ba tare da kin buɗe fayil ko ɗaya ba. In ba a rubutawa, ɓangare na biyu ba zai yiwu a wannan asibitin ba.